Amsoshin Tambayoyinku: Arlit, garin da kamfani ya gina

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya tambaya, me ya sa waɗanda suka tashi a Arlit suke kewarta haka?

To Malam, ma'adinin yuraniyom ne ya haifi garin a 1969, cikin hamadar jihar Agadas. Kamfanonin Somaïr da Cominak suka gina wa ma'aikata gidaje da asibitoci, ga ruwa da wuta kyauta, har aka riƙa kiran garin ƙaramin Paris. 'Ya'yan ma'aikatan suna tuna kantunan kamfani da motocin da ke kwasar iyayensu zuwa aiki. Suna kuma tuna ƙura da tsofaffin ƙarafan ma'adinai masu guba da ake ƙera kayan gida da su.

Sai dai Cominak ya rufe a watan Maris na 2021.