Amsar Tambaya: Jatan Landena Na Mutuwa Bayan Saɓa

Tambaya: Ina sayar da busasshen kifi a Kasuwar Kwastam, Maiduguri. Na gwada kiwon jatan lande a kududdufin tarwadata, amma da sun yi saɓa sai su mutu. Mene ne laifin?

Amsa: Malam, ka fara duba ruwan. Jatan lande ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa, sabon kuma da sinadarin kalsiyam na cikin ruwa yake yin tauri, da taimakon maganiziyam da fotashiyam. In ruwan kududdufinka ya gaza da su, ɓawon zai zauna taushi. Kai ruwanka sashen kiwon kifi na Jami'ar Maiduguri a auna, kafin ka zuba farar ƙasa kaɗan-kaɗan.

Lokacin saɓa cinsu yana raguwa, don haka rage abinci kada ruwa ya ruɓe. Bar tsohon ɓawo, suna cinye shi. Sa musu guntayen bututu su ɓuya, domin mai tauri na cinye mai taushi.

Tarwada kuwa, ai kura ka haɗa da akuya. Ka raba su yau.