Dayetilin Gilaikol: Amfaninsa a Masana'antu da Haɗarinsa ga Ɗan Adam

Dayetilin gilaikol wani sinadari ne mai ruwa-ruwa, garai-garai, marar wari, mai ɗan kauri da ɗan zaƙi. Kowace ƙwayarsa tana ƙunshe da zarrar kabon 4, da haidirojin 10, da oksijin 3. Ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 245 a ma'aunin Salshiyas, alhali kuwa ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Babbar siffarsa ita ce zuƙar laima. A kowane ƙarshen ƙwayarsa akwai oksijin haɗe da haidirojin, kuma nan ne ƙwayoyin ruwa suke maƙalewa. Saboda haka in aka bar shi a buɗe, sai ya yi ta jan danshin iska, kamar yadda gishiri yake yi da damina.

Wannan hali shi ya ba shi daraja a masana'antu. Iskar gas takan fito daga ƙasa da tururin ruwa, wanda kan sa bututu tsatsa, ko ya daskare ya toshe shi. Sai a bi da gas ɗin ta cikin gilaikol ya tsotse ruwan. Daga nan a dafa gilaikol ɗin, ruwan ya tashi ya bar shi, a sake aiki da shi. A yau ɗan'uwansa, tirayetilin gilaikol, shi aka fi sa wa wannan aiki. Ana kuma zuba dayetilin a man birki, da tawada, da gam, ana yin roba da shi.

To, amma guba ne. In ya shiga jiki, hanta takan mayar da shi asid mai kashe ƙoda, har fitsari ya ɗauke. Ga shi kuma ya yi kama da gilisarin da furofilin gilaikol, waɗanda ake narkar da magungunan ruwa a cikinsu, ya kuma fi su araha. A 1937 ya hallaka mutum fiye da 100 a Amurka. A 1990 yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da ya gurɓata da shi. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya fara kashe yara a Nijeriya, har adadinsu ya kai 84.

Ido da harshe ba su iya bambanta shi da gilisarin. Sai gwajin ɗakin bincike. Don haka wajibi ne kamfanin magani ya gwada kowace ganga kafin ya yi amfani da ita, iyaye kuma su guji maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa ruwa yake rabuwa da gilaikol in an dafa su tare?