ABINCI DAGA FADAMAR GISHIRI

 

Yau da tambaya za mu fara. Idan ƙaninka ya narka gishiri cike da hannu a buta, ya je ya kwarara wa shukar tumatirin Inna, me zai faru? Kowa ya san amsa. Kafin kwana biyu ganye ya yi yaushi, shuka ta mutu, shi kuwa ya sha faɗa. To, ko kun san akwai tsirran da ruwan gishirin nan shi ne abin shansu, kuma mutane na cin su su ƙoshi? Su ne darasinmu na yau, sai a gyara zama.

Ina ne fadamar gishiri?

Mu nan fadamar da muka sani ta ruwan daɗi ce, inda ake rake da albasa. Amma a bakin teku akwai wata irin fadama mai laka, wadda ruwan teku ke malalowa ya rufe ta, ya janye, ya sake dawowa, kullum haka. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wato wajen cokalin shayi 6. Gero da dawa da masara ba mai iya rayuwa a nan. Tsirran da ke jure wa irin wannan wuri ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya ba.

Me ya sa gishiri ke kashe shuka? Ku tuna abin da ke faruwa in an yanka albasa an barbaɗa mata gishiri: nan da nan ruwa zai tsattsafo. Ɗabi'ar ruwa ke nan, kullum yana barin inda gishiri ya yi kaɗan ya tafi inda ya fi yawa. Saboda haka in ƙasa ta fi saiwa gishiri, maimakon saiwa ta sha ruwa, sai ƙasa ta tsotse na jikinta. Shuka ta mutu da ƙishirwa alhali tana tsakiyar ruwa!

Su kuwa tsirran fadamar gishiri dabara biyu gare su. Wasu sukan fitar da gishirin ta ganye, har ka ga ya yi fari-fari a kai kamar an watsa gari. Wasu kuwa sukan sha shi da gangan, su tara shi a wasu 'yan rumbuna cikin ƙwayoyin jikinsu, har cikinsu ya fi waje gishiri, sai ruwa ya riƙa shigowa da kansa. Ku riƙe wannan da kyau, domin daga nan amfaninsu ya taso, daga nan kuma illarsu ta taso.

Salikoniya, waken teku

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne salikoniya. Ɗan tsiro ne gajere, mai gaɓa-gaɓa kamar 'yan yatsu, cike da ruwa, ba ka ganin ganye a jikinsa. Kore ne shar, in ya tsufa ya koma ja. A Ingila ana tafasa shi a ci da kifi da man shanu. A Faransa ana tsuma shi a ruwan tsami a ajiye. Mutanen Turkiyya suna ce masa "waken teku", su dafa shi su zuba man zaitun da tafarnuwa da lemon tsami, kamar dai yadda muke kwaɗon zogale. A Koriya kuwa shanya shi ake yi a daka, a riƙa sa garin a abinci maimakon gishiri.

To me jiki ke samu? Ɗanyensa kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 ruwa ne, kitse kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ba ya sa ƙiba. Yana da harza mai taimakon hanji ya hana cushewar ciki. Yana da bitamin C, da sinadarin nan irin na karas wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A mai gyara gani. Sannan da yake a ruwan teku ya tashi, ya kwaso ma'adinan da ke ciki: kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, da maganisiyam da fotasiyam masu taimakon jijiya da tsoka, da ayon mai ƙara jini.

Amma babbar dukiyar tana cikin irinsa. 'Yan ƙanana ne, ba su kai riɗi ba, kuma abin mamaki gishirin da ke cikinsu kaɗan ne. A shekarar 1991 masana daga Jami'ar Arizona ta Amurka suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi shekara 6 a gaɓar tekun Sonora ta ƙasar Meziko, inda suka yi noman salikoniya da ruwan teku zalla. Sun sami iri kimanin tan 2 a kowace hekta. Cikin irin nan, kashi 26 zuwa 33 cikin 100 mai ne, kashi 31 kuma furotin ne, wato sinadarin gina jiki.

Bari mu gwada shi da abin da muka sani. Gyaɗa ta fi shi mai, don nata ya kusa rabi, amma ya fi ta furotin, don nata bai wuce kashi 25 da ɗoriya ba. Waken suya ya fi shi furotin, shi kuma ya fi waken suya mai. Kun ga ashe ba ƙanin kowa ba ne. Mansa kuma ana girki da shi, kuma mafi yawansa irin kitsen nan ne da jiki ke bukata amma ba ya iya haɗa shi da kansa, dole sai an ci a abinci.

Sauran 'yan'uwansa

Ba salikoniya kaɗai ba ne. Mutanen Kokopa, 'yan asalin bakin Kogin Kolorado a arewacin Meziko, tun zamanin da suna girbar tsabar wata ciyawar fadamar gishiri mai suna nipa, su niƙa su ci. A Arewacin Afirka akwai wani ɗan itace da Larabawa ke kira ƙaɗaf, ana dafa ganyensa, tumaki da raƙuma ma na kiwonsa. Har ma gwozar nan ta Turai da ake tatsar sukari a jikinta, wadda ke ba da kusan kashi 1 cikin 5 na sukarin duniya, kakanta tsiron bakin teku ne da manoma suka yi ta zaɓen irinsa shekaru aru-aru.

Kada ku ce abin na nesa ne kurum. Mu ba mu da teku, amma muna da ƙasar kanwa da manda a Manga da kewayen Tafkin Chadi. Itacen aswaki, wanda ake goge baki da saiwarsa, yana daga cikin masu jure gishiri, kuma yana fitowa a can. Raƙuma na cin ganyensa, mutane na cin 'ya'yansa in sun nuna, kuma tun da daɗewa mutanen bakin tafkin kan ƙona shi su tace tokar su sami gishirin miya.

Zuma da zaƙi da harbi

Yanzu ku tuna da rumbunan nan da muka ce tsiron na tara gishiri. Duk wanda ya ci salikoniya ya ci gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, na yara kuwa bai kai haka ba. Gishiri in ya yi yawa yana jawo hawan jini, ya wahalar da zuciya da ƙoda. Shi ya sa masu cin sa sukan tafasa shi su zubar da ruwan, kuma ba sa ƙara masa gishiri. Mahaɗi ne, ba a cika ciki da shi kamar tuwo.

Bayan haka yana da wani sinadari irin na alayyafo wanda ke iya taimaka wa tsakuwar ƙoda ga mai wannan lalura. In ya tashi a ruwa mai dattin masana'antu, yakan kwashi guba. Tunkuzar da ke saura bayan an matse man irin kuma tana da ɗaci, sai an gauraya ta da wani abu kafin a ba dabbobi.

Me ya sa ya kamata mu damu?

Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya mai gishiri ne. A shekarar 2024 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gishiri ya taɓa ƙasa kusan hekta biliyan 1.4, fiye da kashi 10 cikin 100 na tudun duniya. Ko gonar rani, in ana ta ban ruwa babu magudana, rana kan shanye ruwan ta bar gishiri ya yi fari a sama, amfani ya yi ta raguwa. Ga bakuna kullum ƙaruwa suke yi.

Don haka aka kafa cibiyar binciken noman ruwan gishiri a Dubai a 1999, da taimakon Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, kuma salikoniya na cikin abin da take gwadawa. Amma aikin ba sauƙi. A ƙarshen shekarun 1990 an buɗe babbar gona kusa da Massawa a Eritiriya, ana kiwon kifi da jatan lande, ana shayar da salikoniya da ruwan da ya fito daga tafkunansu, amma a 2003 aikin ya tsaya. Waɗannan tsirrai ba za su maye gurbin gero da shinkafa ba. Amfaninsu shi ne su ba da ganye da mai da abincin dabbobi daga ƙasar da aka yanke ƙauna da ita, a bar ruwan daɗi ga sha da sauran amfanin gona. Wa ya sani, ko cikinku akwai wanda zai ci gaba da wannan bincike?

Aikin gida

Gani ya kori ji. Ku nemi izinin iyaye, ku shuka wake a gwangwani biyu. In sun tsiro, ɗaya ku ba shi ruwan randa, ɗaya kuma ruwan da aka narka cokalin shayi 6 na gishiri a lita ɗaya. Ku rubuta abin da kuka gani kullum har mako guda, ku kawo wa malam.

Tambayoyi

1. Me ya sa shuka ke mutuwa da ƙishirwa a cikin ruwan gishiri?
2. Kawo abubuwa huɗu masu amfani da jiki ke samu daga salikoniya.
3. Tsakanin irin salikoniya da gyaɗa, wanne ya fi mai, wanne ya fi furotin?
4. Wace shawara za ka ba mai hawan jini in an ba shi wannan ganye?

Iyaye mata, a taimaka wa yara da gwangwani da wake, a kuma riƙa sassauta hannu wajen zuba gishiri a miya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.