Yadda Guntun Ƙarfe Ke Yaudarar Kifin Tuna a Tsakiyar Teku

Gabatarwa

A tashar jiragen ruwa ta San Diyego, a kudancin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, jiragen masu fatsa sukan nausa tsakiyar Tekun Fasifik neman wani ƙasaitaccen kifi da ake kira tuna mai shuɗin fiffike. Tun daga wajen shekarar 2016 manyan irin wannan kifi suka yawaita a wannan yanki, kuma sau da yawa da dare ake kama su. Abin da ake jefa musu a wannan lokaci ba nama ba ne, ba kuma ƙaramin kifi mai rai ba. Guntun ƙarfe ne dogo, mai siffar wuƙa, wanda masunta ke kira jig, a nan kuwa za a kira shi koton ƙarfe. Yaya aka yi kifin da ya fi mutum nauyi yake haɗiye ƙarfen da ba shi da ƙamshi ko ɗanɗano? Amsar tana cikin halittar kifin da kuma yanayin ruwan da yake zaune a ciki.

Wane Irin Kifi Ne?

Tuna mai shuɗin fiffike iri uku ne. Akwai na Tekun Atlantika da Bahar Rum, wato Thunnus thynnus, wanda ya fi sauran girma: a shekarar 1979 an kama wani mai nauyin kilo 679 a gaɓar Noba Sikoshiya ta ƙasar Kanada. Akwai na kudancin duniya, Thunnus maccoyii. Sai na Tekun Fasifik, Thunnus orientalis, wanda shi ne ake farauta a Kalifoniya. Wannan na uku a yammacin teku yake yin ƙwai, wato a Tekun Japan da kuma ruwan da ke kudu da Japan kusa da Taiwan. Wasu daga cikin ƙananan sukan ƙetare tekun baki ɗaya, tafiyar kusan kilomita 8,000, su yi 'yan shekaru suna kiwo a gaɓar Kalifoniya da Meziko, sa'an nan su koma yamma domin hayayyafa.

Kifi Mai Ɗumin Jiki

Yawancin kifaye, irin su tarwaɗa da karfasa, zafin jikinsu daidai yake da na ruwan da suke ciki. Idan ruwa ya yi sanyi sai kuzarinsu ya ragu. Dalili shi ne duk ɗumin da tsoka ta samar, jini yakan kwashe shi zuwa gaɓoɓin numfashi da ke gefen kai, inda ruwa ke tafiya da shi.

Tuna ya sha bamban. Masanan Amurka biyu, Francis Carey da John Teal, sun auna zafin jikinsa a shekarun 1960, suka tarar tsokarsa ta fi ruwan da ke kewaye da shi ɗumi. A cikin ruwa mai sanyi bambancin yakan haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Sirrin shi ne wata saƙa ta ƙananan jijiyoyin jini. Jijiyoyin da ke fitar da jini mai ɗumi daga tsoka suna manne da waɗanda ke shigo da jini mai sanyi, kuma jinin biyu suna gudu ne ta fuskoki masu saɓani. Saboda haka ɗumin yakan ratsa daga mai fita zuwa mai shiga, ya sake komawa cikin tsoka. Irin wannan saƙa tana ɗumama ciki da idanu da ƙwaƙwalwa.

Wannan baiwa tana da farashi. Jikin da ke riƙe ɗumi yana ƙona abinci da sauri, don haka tuna mayunwaci ne. Kuma ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, domin sai yana tafiya baki buɗe ruwa ke ratsa gaɓoɓin numfashinsa ya sami iskar oksijin. Mafarauci ne da ke dogara ƙwarai ga gani, wanda yake kai hari yana cikin gudu, ba tare da ya tsaya ya sunsuna abin da zai ci ba. Wannan hali shi ne koton ƙarfe ya samu ya shiga ta kansa.

Ƙirar Koton Ƙarfe

Matsala ta farko ita ce isa inda kifin yake. Da dare garken tuna yakan kasance a zurfin da ya kama daga mita 30 zuwa sama da mita 100, ga kuma igiyar ruwa da iska suna tura jirgi. Koto marar nauyi ba zai kai can ba kafin garken ya wuce. Shi ya sa ake ƙera shi da dalma, wadda nauyinta ya kai giram 11.3 a kowace santimita kubik, alhali na ruwan teku bai wuce giram 1.03 ba. Wasu ana yin su da ƙarfen tongistan, mai giram 19.3, domin a sami nauyi mai yawa a ƙaramin jiki. Koton da ake amfani da shi yakan kai giram 200 zuwa 500.

Matsala ta biyu ita ce motsi. Koton da aka tara nauyinsa a wutsiya yakan nutse a miƙe da sauri. Wanda aka yi shi da faɗi, nauyinsa kuma a tsakiya, yakan sauka a kwance yana lilo yana juyi, tamkar kifin da ya ji rauni. Mafarauci ya fi son abin da ba zai wahalar da shi ba, domin ƙarfin da zai kashe wajen kamu kada ya zarce wanda zai samu daga abincin. Masuntan Japan ne suka inganta wannan ƙira, kuma daga wurinsu ta yaɗu.

Matsala ta uku ita ce gani. Ruwa yana shanye launukan haske ɗaya bayan ɗaya: ja ne ke fara ɓacewa cikin 'yan mitoci na farko, shuɗi kuwa shi ne ya fi nisan ratsawa. A can ƙasa, ƙyalli da inuwa da motsi sun fi launi tasiri. Da dare kuwa akwai wani al'amari. Kowace faɗuwar rana, ɗimbin ƙananan kifaye da wata halitta mai hannuwa goma da ake kira sikwid sukan taso daga zurfi zuwa sama domin kiwo, su koma kafin gari ya waye. Da yawa daga cikinsu suna fitar da haske daga jikinsu kamar makesu. Saboda haka ake shafa wa koton ƙarfe fenti mai riƙe haske, a haska shi da fitila kafin a jefa, ya riƙa annuri a cikin duhu.

Yadda Ake Kamun

Matuƙin jirgi yana gano garken da na'urar amsa-kuwwa, wadda ke aika sauti cikin ruwa tana auna lokacin dawowarsa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a ruwan teku. Da zarar matuƙi ya faɗi zurfin, kowa sai ya saki kotonsa. Zaren da ke kan kwarkwaron fatsa kitsattse ne, siriri, mai ƙarfi, kuma an yi masa alamu a tsawonsa domin masunci ya san mita nawa ya saki. Yakan bar koton ya zarce garken kaɗan, sa'an nan ya naɗo da sauri, ya sake saki. Sau da yawa kifin yana cafka ne lokacin da koton ke sauka. Alamar ita ce zaren ya tsaya ko ya yi sako-sako alhali ƙasan teku yana da nisa. Daga nan sai kokawa, wadda da babban kifi takan ɗauki sa'a guda ko fiye.

Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Naman wannan kifi yana da tsada, musamman a Japan. A watan Janairu na shekarar 2019, an sayar da wani mai kilo 278 a kasuwar Toyosu ta birnin Tokyo a kan yan miliyan 333.6. Kwaɗayin wannan kuɗi, da kamun ƙanana da manyan tarunan kasuwanci kafin su isa haihuwa, ya kusa ƙarar da shi. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarar 2014 kifayen Fasifik da suka isa yin ƙwai ba su wuce kashi 2.6 cikin 100 na abin da zai kasance in da ba a kamun ba. Daga shekarar 2015 aka rage kamun waɗanda ba su kai kilo 30 ba zuwa rabi a yammacin Fasifik, a Kalifoniya kuma aka taƙaita wa mai fatsa kifi 2 a rana. Ƙiyasin da aka fitar a shekarar 2024 ya nuna adadin ya hau zuwa kashi 23.2 cikin 100 a shekarar 2022. Ilimin da ya ba masunci damar kama kifin, shi ne kuma ya nuna wa hukumomi iyakar da ya kamata a tsaya.

Tambayoyi Don Ɗalibai

1. Idan amsa-kuwwa ta dawo daga garken kifi bayan daƙiƙa 0.1, a zurfin mita nawa garken yake? A tuna cewa sautin ya je ne ya dawo.

2. Me zai faru da zafin tsokar tuna in da jinin jijiyoyin nan biyu yana gudu ta fuska ɗaya?

3. Me ya sa hana kamun ƙananan kifaye yake taimaka wa yawansu ya farfaɗo?