Kwarkwasa a Cikin Gida

Sa'ad da aka tura ni koyarwar gwaji a Fadan Kagoma, kusa da Kafanchan, wata rana cikin Agusta da tsakad dare sai muka ji kaji suna kuka. Muka fita da fitila, ashe kwarkwasa ce ta cika akurki, har ta kashe 'yan tsaki uku.

To, 'yan'uwana da za ku koyar a ƙauyukan kudu, ku san ta. Kiyashi ƙanana ne, zaƙi suke nema. Kwarkwasa kuwa ja ce, tana tafe a jere, masu manyan kawuna suna tsaro a gefe. Makauniya ce, da sansane take bin 'yan'uwanta. Rana kan busar da ita, shi ya sa take son damina da ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye.

Kada ku tattake jerin, sai su watse su hau ku. Ku fara ɗauke jariri, sa'an nan ku kewaye akurki da bakin ƙofa da toka mai zafi. In ta jiƙe a sake. In ta riga ta shiga ɗaki, ni dai nakan fita in bar mata. Ba ta daɗewa, kuma ba ta barin kyankyaso ko ɗaya.