Wasan Jirgin Yaƙi Na After Burner Da Abin Koyo A Cikinsa

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani tsohon wasan na'ura mai suna After Burner, watau wasan tuƙa jirgin saman yaƙi. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗan makarantar Wurno ko Rabah ko Goronyo da wasan da ya girme shi nesa ba kusa ba? To, dalili biyu ne. Na farko, akwai lissafi a cikinsa irin wanda ake koya mana a aji. Na biyu kuwa, mu mutanen gabashin Sakkwato mun san ƙarar jirgin yaƙi na gaske, don haka ya kamata mu iya rarrabe abin da allo ke nunawa da abin da ke aukuwa a ƙasa.

Kamfanin Sega na ƙasar Japan ne ya fito da wasan a shekarar 1987, bisa jagorancin wani gwani mai suna Yu Suzuki, wanda ya riga ya yi wasan babur na Hang-On a 1985 da na mota mai suna Out Run a 1986. Jirgin da ake tuƙawa shi ne F-14 Tomcat na sojan ruwan Amurka, wanda fim ɗin Top Gun na 1986 ya sa ya yi suna, Amurka kuma ta daina aiki da shi a 2006. Sunan wasan kuwa daga wata dabarar injin jirgi aka samo shi. Akan fesa ƙarin mai cikin zazzafar iskar da ke fita ta bayan inji, sai ya kama da wuta, jirgi ya ƙara gudu nan take, amma fa yana shan mai ƙwarai da gaske.

Da farko a gidajen wasa na birane aka ajiye shi, inda mutum zai jefa sulalla cikin akwati kafin ya yi. Babban samfurinsa kamar ɗakin matuƙi yake. Mutum ya shiga ya zauna, in ya karkata jirginsa sai kujerar ma ta karkata da shi. Yakan tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi, yana harbin jiragen abokan gaba da bindiga da makamai masu linzami. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka fito da After Burner II, aka ƙara masa totur na rage gudu da ƙarawa.

To, yaya aka yi allo shimfiɗaɗɗe ya sa mutum ya ji kamar yana keta sararin sama? Ku tuna da motar albasa in ta ɓullo daga nesa a hanyar Goronyo. Da farko kamar ƙuda take, tana matsowa tana girma, har ta cika ido. Ƙa'idar ita ce, in tazarar abu ta ragu zuwa rabi, tsayinsa a ido ya ninka biyu; in ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, ya ninka huɗu. Da wannan lissafi na'urar ke aiki. Hoton jirgi ɗaya take ɗauka, ta nuna shi ɗan mitsitsi, sa'an nan ta yi ta faɗaɗa shi, tana sake zana allon har sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya. Majigin silima ma hoto 24 kaɗai yake nunawa a daƙiƙa. Ido ba ya iya bin wannan sauri, sai ya yarda jirgi ne ke tahowa.

Da wasan ya karɓu, sai aka shiga juya shi zuwa ƙananan na'urorin gida da ake haɗawa da talabijin. A nan aka gamu da cikas, domin kayan babbar mota aka so a ɗora wa jaki. Akwatin gidan wasa yana da manyan ƙwaƙwalen lissafi biyu samfurin 68000, ga kuma sashe na musamman mai faɗaɗa hoto. Na'urar Master System kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, ba ta kuma iya faɗaɗa hoto da kanta. Tilas aka zana kowane jirgi da hannu, ƙarami da matsakaici da babba, saboda haka tafiyarsa ta zama tsalle-tsalle. Haka aka yi fama a kan Commodore 64 da ZX Spectrum a 1988, da na'urar Nintendo a 1989. Wanda ya fito a kan Mega Drive a 1990 ya fi su kyau, ko da yake an rage masa adon ƙasa. Sai a 1995 a kan 32X, da 1996 a kan Saturn, aka sami na gida da ya yi kusa da na asali. Amma kujera mai motsi ba ta zo tare da na gida ba.

Kun ga ke nan abin da za a rage da wanda za a bari, mutum ne ke zaɓa. To, akwai abin da aka rage tun daga akwatin farko. A wasan, in an harbo ka sai a ba ka wani jirgi. A watan Yuli na 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet na sojan saman Nijeriya a jihar Zamfara, sai da matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da laima ya yi ta tafiya cikin dare kafin ya tsira. Har ila yau, a wasan ba a ganin mai noma ko mai kiwo a ƙasa. Amma ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya saki bam bisa kuskure kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka rasu. A nan jiharmu ma, ranar 25 ga Disamba 2024, farmakin sama da aka kai wa Lakurawa a ƙaramar hukumar Silame ya rutsa da mutanen ƙauye. Allah ya jiƙansu da rahama.

Shawarata ga iyaye ita ce, in kun ga yaro yana irin wannan wasa a waya, ku ƙayyade masa lokaci, kada ya ci masa salla da karatu da aikin gona. Ku kuma tambaye shi yadda abin ke aiki, domin tambaya rabin ilmi ce. Mu kuma ɗalibai, duk mai sha'awar jirgi ya sani akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya da Makarantar Horon Hafsoshin Soja a Kaduna, dukansu tun 1964 aka kafa su. Ba a shigarsu da iya danna maɓalli, sai da lissafi da kimiyya da Turanci, ga kuma natsuwa da tausayin jama'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu, amin.