Kafin a ce "ɗan ƙwaya ne"

A sashen agajin gaggawa inda nake aikin jinya, sau da yawa hukunci yakan riga gwaji. Majinyaci bai gama shigowa ba an riga an auna shi da ido: rigarsa, takalminsa, da irin mutanen da suka rako shi. Halin ɗan Adam ne. A 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya kalli fuska ya yanke ko mai ita abin yarda ne, kuma ƙarin kallo galibi tabbaci kawai yake ƙara masa. A asibiti, wannan gaggawar tana iya cin rai.

Waɗanda na fi gani suna shan wannan wahala su ne masu sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansu, kusan jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. Saurayi zai shigo da tsakar dare, ramamme, idanunsa sun yi rawaya, yana murƙususu, yana kiran sunan allurar da yake so, sau da yawa pentazocine. Nan take sai ka ji ana raɗa: "Ka gan shi, har sunan allurar ya sani." Yaya ba zai sani ba? Tun yana goye ake kawo shi asibiti. Ramar ta cutar ce. Rawayar ido kuwa daga ƙwayoyin jininsa ne da suke saurin fashewa. Wani ma ba ya ihu, yana iya riƙe da waya yana latsawa, domin shekaru sun koya masa haɗiye ciwo, sai a ce ai da da gaske ne, da bai iya zama ba. Ya yi kuka a ce ƙarya yake, ya daure a ce lafiyarsa lau.

Gaskiya ne shaye-shaye ya yi mana ɓarna, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma akwai masu sikilar da allurar ta zame musu jiki. Amma wannan ma ciwo ne da ke neman magani, kuma ba a gano shi daga bakin ƙofa. A Birtaniya ƙa'ida ita ce a ba mai sikila maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa. Mu kuwa wani lokaci minti 30 ɗin a gardama yake ƙarewa.

Haka mai ciwon suga da sukarinsa ya faɗi. Gumi zai karyo masa, harshe ya yi nauyi, yana tangaɗi, har ya zagi mai taimakonsa. Duk wanda ya gan shi zai rantse a buge yake. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin ƙasa da minti guda, ya isa ya raba gardama, kuma jinkiri na iya lahanta ƙwaƙwalwa.

Kyan shiga ma yana ruɗinmu. Alhaji ya zo cikin shadda yana ƙamshi, sai a ji nauyin tambayarsa abin da yake sha a ɓoye, ko a ɗauka ya gane bayanin magani alhali kunya ce ta hana shi tambaya.

Abokan aikina, idan zuciya ta riga ta ba majinyaci suna, a tambayi kai: in ba haka ba ne, mene ne kuma zai iya kawo wannan? A duba suga, a auna jini da numfashi, a buɗe fayil, a saurari uwar da ta rako shi. Ku kuma 'yan'uwa, ku riƙa zuwa da katin asibiti da kwalin magungunan da yake sha, kuma tun daga ƙofa ku faɗa da babbar murya: "Mai sikila ne," ko "Yana allurar insulin."